Farautar Agwagwar Ruwa a Kura da Bunkure: Takarda da Lokaci

(Kiɗan garaya, sannan a sassauta shi)

Gaisuwa ta musamman ga manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda na san wasunku yanzu haka rediyon na rataye a jikin bishiya, ku kuma kuna bakin kanal kuna ban ruwa. Mutanen Kadawa da Karfi da Ɗan Hassan, da na Gafan da Barkum da Gurjiya, Allah Ya ba da yabanya mai albarka. Ina kuma gaida iyayenmu sarakunan baka da yaransu, domin shirin na yau naku ne fiye da kowa. Zancen farautar agwagwar ruwa da dinya za mu yi: wace takarda ake nema, wane lokaci ne ya dace a harba, wane lokaci ne kuma ya kamata a rataye bindiga.

Na san wani zai ce, tsuntsun da Allah Ya saukar a gonata, ya cinye mini iri, shi ne sai na nemi izinin wani kafin in taɓa shi? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu zo kanta. Amma bari mu fara da yadda aka yi tsuntsun ya san hanyar gonar taka.

Dattawan wannan yanki za su gaya muku cewa a da, da zarar kaka ta wuce, ƙasar nan bushewa take yi ƙayau, in ban da 'yan fadamu da tafkuna. A zamanin gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, tana riƙe ruwa kusan mita biliyan 2 na awon cikin tafki. Daga nan aka jawo babban kanal, aka tsara kadada dubu 22 a kashin farko na aikin noman rani na Kogin Kano, wanda hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi tun bayan kafa ta a 1976. Tun daga lokacin, ana samun ruwa a nan rani da damina. Inda kuwa ruwa ya kwanta ga shinkafa, tsuntsun ruwa ba ya buƙatar a aika masa goron gayyata.

Akwai ɗaya gefen labarin da ba mu cika faɗa ba. Ruwan da muka tare a Tiga, da wanda aka tare a Challawa daga 1992, shi ne a da yake malala duk shekara ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, babban masaukin tsuntsayen ruwa a arewacin Najeriya. Ambaliyar can ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Saboda haka mu da muka amfana da ruwan, akwai haƙƙin tsuntsayen nan a wuyanmu, ko mun so ko mun ƙi.

Tsuntsayen da maharbi ke gani a bakin kanal iri biyu ne, kuma duk maganar lokaci a kan wannan bambancin ta tsaya. Akwai 'yan gida, irin su kirinjijiya, mai farar fuska da ke fito in ta tashi da dare, da dinya, babbar nan mai ƙaya a gaɓar fiffike. Waɗannan a ƙasarmu suke haihuwa, kuma da damina suke yi. Daga wajen watan Yuli zuwa Satumba, in ka bi ciyawar gefen fadama ko kan kunyar da aka daɗe ba a nome ba, sai ka ga an kwantar da ciyawa an yi ɗan gurbi, ga ƙwai takwas ko goma a jere. Kirinjijiya ma mace da namiji ke karɓa-karɓar kwanci. Wanda ya harbe ɗaya daga cikinsu a wannan lokaci, a ganinsa tsuntsu ɗaya ya ɗauka, alhali goma ya bari su ruɓe a gurbi. Bayan haka akwai 'yan makonnin da agwagwa ke zubar da gashin fiffikenta gaba ɗaya, ba ta iya tashi sam sai sabo ya fito. A irin wannan lokaci yaro da kare ma sun ishe ta. Kowane maharbi na ƙwarai ya san wannan, kuma ya san ba bajinta ba ce.

Kashi na biyu baƙi ne. Daga Oktoba zuwa Nuwamba, in iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai ƙananan agwagi su fara sauka garke-garke: wata 'yar ƙarama da namijinta ke da farar gira mai tsawo, wata kuma mai dogon wuya da siririyar wutsiya. Daga Rasha da gabashin Turai suke tasowa, su ƙetare tekun Bahar Rum, su ƙetare Sahara, tafiyar dubban kilomita. Sanyi ne ya koro su. Wajen Maris zuwa Afrilu sai su juya gida su yi ƙwai. Kafin su juya ɗin sai sun ci sun yi kitse, don da kitsen nan za su ratsa hamada. Wanda ya dame su da harbi a ƙarshen zamansu, ya hana su kiwo, ko bai kashe su a nan ba, ya rage musu guzuri.

Idan ka taɓa kama tsuntsu ka ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da lambobi, ba tsafi ba ne, ba kuma leƙen asiri ba ne. Masana ne suka sa masa a wata ƙasa don su san inda yake zuwa. Ka kai zoben ofishin gandun daji. Da irin wannan aka gano hanyoyinsu, kuma duk watan Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashen duniya tun 1967. A fadamun Haɗeja da Nguru an sha ƙirga ɗaruruwan dubbai a ƙidaya guda.

(Kiɗa kaɗan)

To, mu dawo kan takarda. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin takardun biyu ne, kuma ofisoshinsu daban. Akwai lasisin riƙe bindiga, akwai izinin farauta. Wanda ya mallaki na farko bai mallaki na biyu ba.

Lasisin bindiga aikin 'yan sanda ne, ƙarƙashin dokar makamai ta 1959. Dokar ta kasa bindigogi gida uku. Akwai manyan makamai irin na yaƙi, waɗanda sai da sa hannun shugaban ƙasa, ba ma zancen mai farauta ba ne. Akwai irin su bindiga mai baki biyu da ake sa wa harsashi, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai bindigar toka, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, wato adaka ko baushe, ita kuma dokar ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ta sai da lasisi. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ba a ba mai taɓin hankali, ko mai matsalar gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta samu da laifin ta da hankali a cikin shekaru biyar da suka wuce. Ku lura da maganar shekara 17 ɗin nan, iyaye. Yaron da kuke tura wa gadin shinkafa da adaka a kafaɗa, doka ba ta san da shi ba, kuma in tsautsayi ya faɗa a tsakanin gonakin da mutane ke sunkuye suna dashe, ku za a nema. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisin ƙananan bindigogi saboda yawaitar makamai a ƙasa. Don haka kafin ka ba wani kuɗi ya ce zai samo maka takarda, je ofishin 'yan sanda da ƙafarka ka ji halin da ake ciki. Katin ƙungiyar maharba yana da amfaninsa, yana nuna ko kai wane ne da wanda ya san ka, amma bai zama lasisi ba.

Ba zan wuce nan ba sai na ambaci abin da har yanzu yake ci mana rai. A ƙarshen Maris na 2025, aka tare mafarauta a Uromi ta jihar Edo suna hanyar dawowa gida yin sallah, aka kashe 16 daga cikinsu, da yawansu 'yan Torankawa ne a nan Bunkure. Allah Ya jiƙansu, Ya ba iyalansu haƙuri. Zalunci ne tsantsa, kuma babu takardar da ke tare gungun mutanen da suka ɗauki doka a hannunsu. Abin da ya nuna mana shi ne, zamanin da maharbi zai rataya bindiga kowa ya gane shi da ganin warkinsa da layunsa ya wuce. Yau sana'ar na buƙatar rajista, da shugabanni da hukuma ta sani, da takardun da za a iya nunawa a kowane shinge. Wannan kariya ce ga maharbin kansa.

Takarda ta biyu, izinin farauta, ta gwamnatin jiha ce. Tushenta dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, wadda jihohi suka gada bayan an raba su, ita ma ta maye gurbin wata dokar Turawan mulki ta 1916. Dokar ta jera dabbobi da tsuntsaye hawa-hawa: akwai waɗanda ba a taɓawa sam, akwai waɗanda sai da lasisi. Ta ba gwamnati ikon rufe farauta na wani lokaci, ta kuma hana wasu hanyoyin kisa, irin su guba. A Kano, hukumar da ke kula da gidan namun daji na Audu Bako da dajin Falgore, wato KAZOWMA, ita ce ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, ko ka fara da malamin daji na ƙaramar hukumarka. Ka tambaye su abu uku: wane tsuntsu aka yarda in harba, daga yaushe zuwa yaushe, kuma guda nawa. A sa maka amsar a rubuce, a ba ka rasit.

Sama da wannan akwai dokar tarayya ta 1985 mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara tarar da ke cikinta sosai, don Naira dubu ɗayan da aka sa tun farko ta zama abin dariya. Wannan doka ta sa gauraka da shamuwa da zalɓe da balbela da kwasakwasa cikin waɗanda ba a kamawa ko sayarwa haka kawai.

Gauraka ta isa misali. Tsuntsuwar da ake kira ta ƙasa ce a Najeriya, mai tukkun zinariya a ka. Ku tambayi duk wanda ya haura shekara sittin, zai ce muku ya ga garkenta a fadama, ya ji kukanta da asuba. Yau ɗan shekara ashirin a Kura in ya taɓa ganinta, to a gidan zu ne ko a farfajiyar gidan wani mai hali. Ba annoba ce ta share ta ba. Fari ya taɓa ta, fadamu sun ragu, mu kuma muka bi ragowar da tarko muna kai wa masu saye, kowa na cewa ai nawa ɗaya ne kawai.

A ganina, laifin ba na maharba kaɗai ba ne. Dokar 1963 ta girmi madatsar Tiga da shekara 11, an rubuta ta tun babu kanal ko ɗaya a ƙasar Kura. Dokar da talaka bai taɓa jin an karanta masa da Hausa ba, da wuya ya kiyaye ta. In hukuma na son a bi lokaci, to ta sanar da ranar buɗewa da ranar rufewa a rediyo kowace shekara, kamar yadda ake sanar da ranar sakin ruwa a kanal da ranar rufe shi don gyara. Manomi bai taɓa kuskure waɗannan ranakun ba, saboda ana gaya masa.

Wasu ƙasashen haka suke yi. A Ingila, farautar agwagwa a cikin ƙasa daga 1 ga Satumba take farawa ta ƙare 31 ga Janairu. A Amurka, tun 1934 duk mai farautar agwagwa da ya kai shekara 16 sai ya sayi wani kan sarki na musamman, yanzu dala 25, kuma kusan duk kuɗin a sayen fadamu da kula da su ake zubawa. A yawancin jihohinsu agwagwa 6 ce iyakar mutum a rana. Maƙwabtanmu na Nijar suna da dokar farauta ta 1998. Najeriya kuma tun 2004 ta shiga yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta nemi a daina harbinsu lokacin haihuwa da reno. Tafkin Nguru ya shiga jerin fadamun duniya masu muhimmanci a 2000, Baturiya da Dagona suka bi a 2008.

Amma kada wani ya ce wannan tsarin Nasara ne. Mahajjaci da ya ɗaura harami an hana shi farauta har sai ya kwance, kuma a cikin haramin Makka ba a taɓa naman daji ko yaushe. Ga lokacin da aka rufe, ga wurin da aka keɓe, tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce. Malamanmu na Malikiyya kuma sun karhanta farautar da aka yi don wasa kawai. A gargajiyance ma, yaushe aka taɓa fita farauta da damina? Sai an kawar da amfanin gona, sarkin baka ya sa rana, dagaci ya sani, sannan a buga gangi. Masunta ma ba sa faɗa wa ruwan da sarkin ruwa ya rufe sai ranar da ya buɗe. Abin da ya lalace shi ne yanzu kowa sarkin kansa ne, ga babur, ga fitila mai haske kamar rana.

(Kiɗa kaɗan)

Yanzu ga manomin da ya yi tambaya a farko. Gaskiyarka, Malam. Kirinjijiya da dare take kiwo, kuma garke ɗaya in ya sauka a wurin rainon iri, kafin gari ya waye ya tattake shi ya tsince. Asara ce ta gaske, ga tsadar iri, ga taki. Kora halal ce: gwangwani da igiya, tsummoki masu kaɗawa, mutum-mutumi da ake sauya wa wuri, kwana a gona na 'yan kwanakin da iri ke tsiro, rage ruwan fili da dare inda hakan zai yiwu. Mafi yawan ɓarnar shinkafa in ta fitar da kai ma ba ta agwagwa ba ce, ta jan-baki ce, kowa ya sani. Balbela da zalɓe kuwa ƙwari da fara da kwaɗi suke ci, ba ruwansu da hatsinka.

Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne guba. Akan jiƙa shinkafa da maganin ƙwari, a watsa a gefen ruwa da magariba. Da asuba sai a zo a tarar da su kwance, wasu sun mutu, wasu na ta mimmiƙe wuya suna kumfa, kirinjijiya da kurciya da zabin maƙwabci duk a haɗe. Sai a bi masu sauran numfashi da wuƙa, a fige, a zubar da kayan ciki, a soya, a kai tasha. Mai saye bai san komai ba, ya ga nama ya yi ja ya sha yaji. Wanda ya mutu kafin wuƙa ta kai gare shi mushe ne, wannan ko ɗalibin makarantar allo ya sani. Wanda aka yanka da rai kuma, maganin na jikinsa. Ragowar shinkafar tana nan a bakin ruwa, ruwan kuma shi ne yake gangarawa gonar na ƙasa da kai, shi yara ke wanka a ciki, shi shanun Fulani ke sha. Mai yin wannan ba maharbi ba ne, kuma bai kamata maharba su bari a ɓata musu suna da shi ba.

Akwai wata gubar da ba a gani, ita ce dalma. Harsashi ɗaya na bindiga mai baki biyu yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin dalma fiye da ɗari, kaɗan ne ke samun tsuntsu, sauran cikin taɓo suke zuba. Agwagwa ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta niƙa abinci a ƙundunta, sai ta tsinci dalmar a zaton tsakuwa ce. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta a hankali. Saboda haka Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ma ta hana a fadamunta daga Fabrairun 2023. Mu ba sai an yi mana dogon bayani a kan dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin gubarta daga haƙar zinariya. In an kawo miki naman harbi, Hajiya, ki laluba ki cire ƙwayoyin, ki yanke wurin da suka ratsa ki zubar, musamman in yara ko mai juna biyu za su ci.

Sai murar tsuntsaye. A Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da ita a Najeriya, a wata gonar kaji a Jaji ta jihar Kaduna, ba a jima ba ta iso Kano, ta kuma dawo a 2015. Tsuntsayen ruwa na iya ɗauke da ita ba tare da sun nuna alama ba. In ka ga agwagi sun mutu da yawa a bakin ruwa ba harbi ba, kada ka ɗauka, kada ka bari yara su ɗauka, ka sanar da malamin dabbobi. Kada kuma ka kawo agwagwar daji da rai ka haɗa da kajin matarka.

Shawarata ga sarakunan baka na Kura da Bunkure da Garun Malam ita ce, kada ku jira sai an aiko muku daga birni. Ku zauna da dagatai da hakimai da shugabannin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, ku yanke naku lokacin a cikin abin da doka ta yarda. Daga faɗuwar ruwan farko har a gama girbin shinkafar damina, wato Yuni zuwa ƙarshen Oktoba, a rataye bindiga, ba harbi, ba ɗibar ƙwai, ba kamun 'yan tsaki. A buɗe da hunturu, Nuwamba zuwa Janairu, ga mai takarda kawai, da rana, nesa da inda ake aiki, kowa da iyakar abin da zai ɗauka. Daga Fabrairu a ƙyale baƙin su yi kitsen komawa. Wanda aka kama da guba, ku da kanku ku miƙa shi ga hukuma. Ku rubuta abin da kuka yanke, ku kai wa malamin daji da baturen 'yan sanda na yankinku kwafi, ku aiko mana da ɗaya, za mu karanta shi a wannan fili da sunan garinku.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙorafi, manomi ne ko maharbi, ya aiko mana, za mu nemi jami'in da abin ya shafa ya amsa. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan garaya)